Ranar da Na Soya Ƙosai a Manja

Shekara uku na yi a Lyon ina gaya wa mutane cewa mahaifiyata ƴar kasuwa ce. In da Faransanci ake hirar sai in ce "komersant", in ɗan ɗaga haɓa, in bar mai tambaya ya gina mata kanti a ransa, ya jera mata atamfofi da turare. Ban taɓa cewa tana da kanti ba, ban kuma taɓa cewa ba ta da shi ba. Gaskiyar magana ita ce, Inna ƙosai take soyawa a bakin tasha a Damagaram, tun ina goye a bayanta.

Kunyar tun daga lakwal, wato makaranta, ta samo asali. Kullum da asuba ni ke surfa mata wake, in kai markaɗe, in buga ƙullu, sannan in zura kayan makaranta in fita a guje. Kome sabulun da na sa, ƙaurin mai ba ya barin rigata. Akwai wata yarinya a ajinmu, in na zauna kusa da ita sai ta shaƙi iska ta ce, "Wa ya zo mana da kalaci?" Aji ya kwashe da dariya. Da Allah ya ba ni gurbin karatu a Faransa, na yi wa kaina alkawari wannan ƙaurin ba zai hau jirgi tare da ni ba. Abin dariyar, ilimin tattalin arziki na je karantawa. Har takarda na rubuta a kan ƙananan sana'o'in mata a ƙasashenmu, malamin ya yi ta yaba yadda na fahimci abin, ni kuwa na karɓi yabon ban gaya masa inda na san abin ba.

A Bron nake zaune, a gefen Lyon, a gidan ɗalibai kusa da layin tiram, jirgin nan na cikin gari. Kowa da ɗakinsa, ɗakin girki ɗaya ga duk mutanen bene. Wadda ƙofarta ke kallon tawa wata ƴar Burazil ce daga jihar Bahiya, tana doktora a ilimin sinadarai. Baƙa ce kamar ni, har ranar da na fara hango ta na yi mata sallama da Hausa. Kafin in san ta, abin da na sani game da ƙasarsu bai wuce ƙwallo ba, sai fina-finan nan masu dogon zango da ake nunawa a tele bayan magariba, waɗanda matan unguwarmu ke taruwa suna tsine wa mugun miji a ciki. Na zaci kowa a can fari ne, kowa kuma da tafkin wanka a bayan gidansa.

Ita ta warware mini wannan. Ranar farko ta rungume ni ta sumbaci kumatuna biyu, na tsaya ƙiƙam na rasa inda zan sa hannuwana. In za ta zo ɗakina ba ta ƙwanƙwasa ƙofa, tafi take yi, wai haka ake yi a unguwarsu in mutum ya je gidan wani. Tana wanka sau biyu, wata rana sau uku, ko da sanyi na tsaga ƙashi, kuma buroshin haƙori ba ya barin jakarta. In ta ce ƙarfe bakwai, to ka sa ranta takwas da rabi. A nan kam ba mu taɓa samun saɓani ba. Abincinta shinkafa da wake ne kullum, ta barbaɗa garin rogo a kai. Ranar Juma'a farare take sawa daga sama har ƙasa, al'adar garinsu ce, ni kuma in tsokane ta in ce ko masallaci za ta raka ni. Amma abin da ya sa ta shiga raina shi ne wayarta ta ranar Lahadi. Kafin gaisuwa, kafin kome, sai ta ce wa mahaifiyarta da Fotugis, "Uwa, sa mini albarka." In jiyo muryar tsohuwar tana amsawa daga can bayan teku. Da ta fassara mini, na ce ai ku namu ne.

A bangon ɗakinta akwai wani babban hoto. Wata dattijuwa ce zaune a bakin titi, da farin siket mai faɗin gaske, da farin ɗaurin kai, da duwatsun wuya kala-kala. Gabanta faffaɗan tire ne, gefenta kasko cike da jan mai. Duk wanda ya shiga ɗakin, ko mai gyaran famfo ne, sai ta ja shi gaban hoton ta ce, "Ga uwata. Da wannan kaskon ta kawo ni nan."

Ni da na matsa kusa na dubi abin da ke cikin kaskon, nan take na gane shi. Ƙosai ne. Ta ce sunansa akaraje. Farin wake ake jiƙawa a cire masa bawo, a markaɗa da albasa, a buga, a soya manya-manya cikin manja, sannan a tsaga cikinsa a cusa busasshen jatan lande da wani kaurin haɗi da yaji. Ta ce kakanninta da aka kwasa daga gaɓar Afirka su suka tsallaka da shi a cikin kawunansu, tunda ba a bar su sun ɗauki kome a hannu ba. Matan da ke soya shi a Bahiya abin alfahari ne, ƙasa ta sa su cikin kayan gadonta, baƙi daga ko'ina suna neman ɗaukar hoto da su.

Na ce, "Mu ma muna da wani abu mai kama da shi."

Ta zaburo. "Kin iya yi?"

"Ina fa," na ce. "Mu saye muke yi."

Wannan ita ce ƙaryar farko da na yi gaba-gaɗi, ba ta hanyar shiru ba. Na koma ɗakina ina jin ɗacinta a bakina.

A jami'o'in Faransa, ranar da ɗalibi zai kare kundin doktoransa gaban malamai, wadda suke kira sutnans, al'ada ce ya shirya ɗan liyafa bayan an gama. Yawanci cuku ne da biskit da ruwan inabi. Maƙwabciyata ta ce ita akaraje za ta ajiye. Mahaifiyarta za ta zo, karon farko da za ta hau jirgin sama, kuma tana so tsohuwar ta shigo ta tarar da abin nan a kan tebur gaban manyan malamai, ɗiyarta ce ta yi da hannunta. Matsalar ɗaya ce: ba ta iya ba. Tun tana ƙarama uwar ta hana ta kusantar kasko. In ta miƙa hannu sai a buge hannun a ce na alƙalami ne.

Saura wata guda ta fara gwaji. Allah ya yafe mini, amma na sha dariya a ɓoye. Mace mai doktora a ilimin sinadarai, tana auna wake a ma'auni, tana rubuta kowane gwaji a littafi, ƙosai kuma na nutsewa ƙasan tukunya ya zauna abinsa. Wani ya wargaje a cikin mai, wani ya fito da taurin da za a iya jifan kare da shi. Sau biyu ƙararrawar hayaƙi tana fitar da mutanen bene waje. Ni kuwa ina tsaye jingine da firigo, wato firji, ina ganin kurakuran ɗaya bayan ɗaya. Ruwa ya yi yawa a markaɗen. Gishiri tun da fari take zubawa. Ƙullun kuma juya shi take yi kamar mai dama kunu, ba bugu ba. Hannuna ya riƙa yi mini ƙaiƙayi, sai in cusa shi cikin aljihu in ce mata, "Ki yi haƙuri, gobe zai yi."

Ranar da na same ta zaune a kan kujera ta zuba wa tukunya ido, hawaye na bin kumatunta, na ga abin ya wuce wasa. Sai dabara ta zo mini, irin dabarar matsorata. Na ce ina da gwaggo a Paris, ita ta iya.

Muka hau jirgin ƙasa ranar Asabar da safe. Muka sauka a Paris, muka shiga unguwar Belleville muka yi sayayya: farin wake a shagon wani Balarabe, manja a wurin wata ƴar Kamaru, jatan lande a kantin ƴan Sin, inda maƙwabciyata ta shinshina buhu uku kafin ta yarda da ɗaya. Daga nan muka wuce La Courneuve, unguwar su Gwaggo a gefen birnin. Gwaggo ƙanwar babana ce, ta daɗe a can cikin dogayen gidajen nan, a bene na tara. Tana jin Faransanci sarai, da shi take faɗa da direbobin bas. Muka yi gaisuwa mai tsawo, ta tambayi karatu, ta tambayi sanyi, ta tambayi mutanen gida ɗaya-ɗaya kamar daga can na taho. Baƙuwata kuwa ta faɗa mata da runguma, Gwaggo ta leƙo ta kan kafaɗarta ta ce mini, "Ke, wannan ɗiya kokawa take yi a garinsu?"

Da na faɗi abin da ya kawo mu, Gwaggo ta ajiye butar shayi a hankali.

"Tsaya in ji. Tun daga Liyon kuka taho Pari koyon ƙosai? Wurina? Ke ɗiyar wa ce?"

Maƙwabciyata ta dube ni. "Me ta ce?"

"Ta ce kin sha hanya, sannu da zuwa."

Gwaggo ta yi mini wani dogon kallo, ta gane kome. Nan take ta yanke shawarar cewa yau ba ta jin Faransanci ko kalma ɗaya, ta naɗa ni tafinta don ta ga yadda zan ƙare.

"Gaya mata," in ji Gwaggo, "uwarki ce sarauniyar ƙosan Damagaram. Ni kaina sai na bi layi nake samu."

"Ta ce a garinmu akwai gwanaye."

"Gaya mata kina da shekara tara kike buga ƙullun ƙwarya guda ke kaɗai."

"Ta ce abin yana son juriya."

"Madalla da tafinta," in ji Gwaggo. "Allah ya shirye ki."

Aka shiga aiki, nan kuma rigima ta tashi. Da Gwaggo ta ga an buɗe manja ta dafe ƙirji. "Ƙosai a manja? Kuma a tsaga mishi ciki a cusa mishi ƙwarin ruwa? Me ya yi musu?" Wannan kam na fassara shi daidai. Maƙwabciyata ta nuna ƴan ƙananan da Gwaggo ta fara sakawa a man gyaɗa, ta ce waɗannan ai jarirai ne, a garinsu ba a yaye su ba tukuna. Suka yi ta musu ta bakina, kowa na cewa ɗayan ne ya ɓata abin kakanni. Ana cikin haka baƙuwar ta ce, ai a Bahiya ma akwai wani abinci da ake kira shinkafar Hausawa, da busasshen nama ake yi, uwarta na dafawa in an yi baƙi.

Ban kai ga buɗe baki ba Gwaggo ta manta cewa ba ta jin Faransanci. Ta juyo da matsami a hannu, ta ce da Faransancin nan nata mai kauri, "Shinkafar wa?"

Maƙwabciyata ta buɗe baki, sannan ta fashe da dariya har da riƙe ciki. Gwaggo ko a jikinta. Ta sa aka maimaita mata sau biyu, ta tambayi yadda ake dafawa, ta tambayi ko akwai sauran masu jin Hausa a can. Aka ce mata babu, sunan kawai ya rage a kan shinkafa. Ta juya ƙosan da ke kasko. Can ta ce, "Ashe namu ne suka tahi ba su komo ba. Allah ya jiƙan su." Daga nan ta daina faɗa a kan manja.

Ta koya mata kome tiryan-tiryan: ruwa kaɗan a markaɗe, gishiri sai mai ya yi zafi, bugu ta fuska ɗaya har ƙullun ya yi fari ya kumbura. In an ɗiga kaɗan a kofin ruwa ya taso sama, to ya yi. Da kafaɗar Gwaggo ta gaji ta miƙo mini muciya. Na riƙe ta a karkace da gangan, kamar yau na fara ganinta. Gwaggo ta girgiza kai ta karɓe abinta.

Da za mu tafi ta ja ni gefe a bakin ƙofa, ta danƙa mini ƙullin wake a leda.

"An ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Ke kuwa ga ki kina rarrafe da gangan. Ba zan tona ki ba, ramin ƙarya ƙurarre ne, ke za ki iske ƙarshenshi da kanki. Riƙe wannan, za ki neme shi."

Bayan mun koma Lyon abin ya ɗan yi dama. In maƙwabciyata ta saka biyar, biyu ko uku su taso. Hannunta ne bai saba ba, bugun minti kaɗan sai ta tsaya tana haki. Amma ta ce ya isa, ranar za ta dage.

Rana ba ta ƙarya. Tsohuwar ta iso ana gobe sutnans, aka sauke ta gidan wasu ƴan ƙasarsu a cikin gari don kada ta ga shirin. Ni kuma da yammacin ranar, ban san lokacin da na ɗauko waken Gwaggo na jiƙa a ɗakina ba. Na murje shi na wanke tas, na ajiye a ƙasan firigo, ina gaya wa kaina alala zan yi.

Ƙarfe biyu za a fara. Wajen sha ɗaya na ji tafi a ƙofata, ba irin na kullum ba. Na buɗe na ga maƙwabciyata da ƙullu har a gira. Tsoron malamai ya rikita ta, ta zuba gishiri tun a markaɗe, ta kuma ƙara ruwa don injin ya yi sauri. Ƙullun ya tsinke ya zama ruwa tsululu. Ba ta yi wankanta na biyu ba, ba ta sake duba takardunta ba, ga tsohuwa can ana shirin kawo ta.

"Shi ke nan," ta ce. "Zan sayo biskit kamar kowa."

Ta faɗi haka tana ƙoƙarin murmushi. Na tuna hoton bangon ɗakinta, na tuna yadda take jan mai gyaran famfo ya ga uwarta. Kunya ta kama ni, ba irin ta lakwal ba, wata daban mai nauyi.

Na ce, "Je ki yi wankanki na biyu. Bar mini ɗakin girkin."

"Ke? Ai ba ki iya ba."

"Je ki, na ce."

Na ɗaura zane a kan rigata. Na fito da wakena na markaɗa da albasa, ruwa ɗan cokali, ya fito da kauri. Na haɗa shi da kaɗan daga nata, na zauna a ƙasa na sa roba tsakanin ƙafafuna kamar yadda nake yi a tsakar gidanmu, na ce bismilla. Wallahi hannu ba ya mantuwa. Bugu goma na farko kafaɗata ta yi ƙara, daga nan muciya ta kama kiɗanta. Ƙullu ya yi fari, ya taso, ya riƙa numfashi. Na ɗiga a kofi ya yi iyo a sama. Na ɗora manja, na jefa albasa guda a ciki kamar yadda ta ce uwarta ke yi, na yanko ƙullu da babban cokali na saka. Ya nutse, ya yi jim, sai ga shi ya taso ya juya da kansa, ja wur. Ni kaɗai a ɗakin girki na yi guɗa.

Inna ba ta taɓa sayar da na farkon kasko ba, takan ce wannan na Allah ne. Na ware uku na farko a takarda. Sauran na jera a babbar tukunya, na naɗe ta da zane don kada su huce, haɗin jatan landen da maƙwabciyata ta yi tun jiya na zuba a wani kwano. Lokaci ya ƙure, babu zancen wanka ko sauya riga. A tashar tiram na miƙa wa wani dattijo mai shara ukun nan, ya karɓa yana juya su yana tambayata ko mene ne. A cikin tiram mutane suka riƙa waiwaye suna shaƙar iska. Ƙaurin da na ce ba zai hau jirgi ba, ga shi ya hau tiram ya zauna a cinyata.

Na isa an kusa gamawa. Na laɓe a baya na ji malamai sun miƙe tsaye sun ba ta doktoranta, ɗaki ya ɗauki tafi. A layin gaba ga tsohuwar nan ta cikin hoto, da farin siket ɗinta da ya cinye kujera biyu, da ɗaurin kai da duwatsun wuya. Kayan sana'arta ta sa ta zo jami'ar Faransa, ta zauna daram tana kallon kowa ido cikin ido. Ɗiyar ta zo ta durƙusa ta sumbaci hannunta, ta nemi albarka a gaban kowa.

Aka koma ɗakin liyafa. Na buɗe tukunya, tururi ya tashi. Tsohuwar ta tsaya cak, ta dafe baki. Ta matso ta ɗauki ɗaya, ba ta ci ba. Ta auna shi a tafin hannu, ta tsaga shi biyu, ta duba cikinsa ta ga ƙofofin iska, sannan ta kai baki. Ta tauna a hankali, malamai duk sun zuba mata ido kamar ita ce shugabar masu jarrabawa. Ta yi magana da Fotugis, ɗiyar ta yi dariya da hawaye ta fassara.

"Ta ce wannan ba hannuna ba ne. Ta ce ita ta hana hannuna iyawa, ta san aikinta. Wa ya buga?"

Ba sai an nuna ni ba, hancinta ya kawo ta. Ta kama hannuna na dama ta juya shi. Ga sabon ƙuna na yau, ga kuma tsofaffin ɗige-ɗigen da mai ya bar mini a wuyan hannu tun ina yarinya, waɗanda nake rufewa da agogo. Ta ture hannun rigarta ta jera nata kusa da nawa. Irinsu ɗaya, nata dai sun fi yawa, sun haura har gwiwar hannu, daidai inda na Inna suka kai. Ta tambayi ina na farkon kasko. Na ce na bayar a hanya. Ta gyaɗa kai, ta ce su ma ba sa sayar da na farko. Sannan ta yi wata gajeruwar tambaya.

"Ta ce ke ɗiyar wa ce?"

Tambayar Gwaggo ce ta biyo ni har nan, yau kuma ba ni ce tafinta ba. Ɗakin cike yake da malamai da ɗalibai, har da ƴan ƙasarmu da suka san ni a matsayin ɗiyar komersant. Na ɗaga kai. Na ce da Faransanci, da ƙarfi yadda na baya zai ji, "Mahaifiyata mai soya ƙosai ce a bakin tasha a Damagaram. Ita ta koya mini. Babu wanda ya kai ta."

Ƙasa ba ta tsage ba. Wani farfesa mai farin gemu ya ce madalla, ya miƙo faranti a ƙara masa. Maƙwabciyata ce kawai ta zaro ido, ta ɗaga cokali ta biyo ni. "Wata guda! Wata guda kina tsaye kina kallona ina ƙona gida!" Na ɓuya a bayan siket ɗin uwarta, wurin ya ishe ni har da saura. Tsohuwar ta rungume mu duka biyu tana ta magana, ba wanda ya fassara, ban kuma nema ba. Kafin a watse ta karɓe tukunyar, ta tsaya tana tsagawa tana cusawa tana miƙa wa manyan malamai, suna bin layi.

Da la'asar na fito waje na zauna a kan benci na kira Inna. Muka gaisa, na ba ta labari tun daga hoto har tukunya. Ta saurara ba ta katse ni ba.

"A manja?" ta ce.

"A manja, Inna."

"Ikon Allah. Ya tashi dai?"

"Ya tashi. Har juyawa yake da kanshi."

"To kukan na mene ne?"

Na ce akwai abin da ban gaya mata ba. Na fara kame-kame, sai na ji tana dariya.

"Zancen komersant? Ai Gwaggonki ta gaya mini tun shekarar da kika je. Na ce a ƙyale ki, ɗiyata ta ba ni babban muƙami a Faransa, ba ni biyan haya ba ni biyan harajin patanti."

Shekara uku ta sani. Shekara uku ina kiranta duk Juma'a tana sa mini albarka, ba ta taɓa ko gugar zancen ba. Na rufe fuska da gefen mayafina, ƙaurin manja ya cika mini hanci.

"Inna, ki gafarta mini. Yau na sauke ki daga muƙamin, a gaban kowa."

Muryarta ta sauya kaɗan.

"Alhamdu lillahi. Dama ya yi mini nauyi." Ta ja hanci. "Ki gaida mini ƴar uwata mai farin zane, ki ce mata sannu da wuta. Bari in tashi, waken gobe na jirana."